Motar da Ba Ta Ɗaukar Rabin Mutum

Daren jiya Tasi'u mai sayar da fenti ya yi wani mafarki, kuma har yanzu bai gaya wa kowa ba. Kafin ya kwanta saƙo ya zo daga ƙauyensu cewa jikin Inna ya tsananta, tana son ganin 'ya'yanta maza. Su biyu ne, shi da wansa Haladu, kuma sun daɗe ba sa magana, tun gardamar da suka yi a kan wanda zai gyara rufin ɗakinta. Tasi'u ya ce gobe zai duba, ya juya ya yi barcinsa.

Sai ga shi a wata tasha da rana tsaka. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a cikinta. Tasi'u ya ji sanyi a ransa, don ya ga a nan rufi ba shi da wani amfani.

A ofishin tashar wata akuya ce zaune da tabarau, tana tauna tikiti a hankali.

"Ranki ya daɗe, Rafin Dinya zan je," in ji Tasi'u. "Mahaifiyata ce ba lafiya."

Akuyar ta dube shi ta saman tabarau. "Cikakken mutum muke ɗauka. Kai rabi ne."

Ya duba jikinsa. Gaskiya ta faɗa. Ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, an tsaga shi daidai kamar kabewa. A goshinsa an rubuta ɗaya a sama, biyu a ƙasa.

"Ina ɗaya rabin nawa?"

"Yana shago. Ya ce ba zai rufe ranar kasuwa ba."

Tasi'u bai ga laifinsa ba.

"Ka nemi wanda za a tara ku," in ji akuyar. "In kun kai ɗaya, kujera ɗaya ce."

A kan benci ya tarar da Haladu, shi kuma sulusi ne, ɗaya bisa uku. Kashi ɗaya nasa ya tafi ta'aziyyar wani mai kuɗi da bai taɓa gani ba, kashi ɗaya kuma yana gida yana fushi da Tasi'u. Wanda ya zo tashar shi ne mai tausayin Inna, kuma ba shi da kauri.

"Yaya," in ji Tasi'u.

"Na'am."

"An ce sai an tara mu."

Haladu ya gyara zaman abin da ya rage na hularsa. "Ai ba wani abu ba ne. Sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ɗaya da ɗaya biyu, biyu da uku biyar."

Suka rungumi juna a kan haka, suka zama biyu bisa biyar. Akuyar ta ɗora su a sikeli, ta daɗe tana kallo.

"Ɗazu rabin nan shi kaɗai ya fi haka nauyi," ta ce. "Kun haɗu kun ragu. Muna yawan ganin haka tsakanin 'yan'uwa."

Ta ɓamɓare su.

Sai ga su a rumfar wani tsohon raƙumi tela, da almakashi rataye a wuyansa. Ya auna su da igiya, ya girgiza kai.

"Yankanku ba iri ɗaya ba ne. Kai gida biyu aka raba ka, shi gida uku. Ba a ɗinke wannan da wancan sai an samo yankan da kowa zai shiga."

"A yi da ukuna," in ji Haladu. "Ni ne babba."

"Biyu ba ta shiga cikin uku, Yaya."

"Ta koya."

Raƙumin ya ce shida za a yi, don biyu na shiga, uku na shiga, kuma ba ta ɗayansu ba ce balle wani ya yi gori. Ya yanka rabin Tasi'u gida uku, ya yanka sulusin Haladu gida biyu, duk gutsattsarin girmansu ɗaya. Babu zafi, sai ɗan ƙaiƙayi.

Haladu ya ƙirga gutsattsarin da ke kan tabarma. "Ya aka yi nasa ya fi nawa?"

"Dama ya fi ka, Malam. Ukun da ke ƙarƙashinka ce ta sa kake jin kanka da yawa."

Raƙumin ya ɗinke su da baƙin zare. Suka miƙe da baki ɗaya tsakaninsu, suna karɓa-karɓa. In Tasi'u ya yi susa, Haladu ne ke jin daɗi, kuma bai gode ba.

"Biyar bisa shida," in ji akuyar da suka koma. "Saura sudusi."

A jikinsu akwai gurbi a wajen haƙarƙari, iska na wucewa ta ciki. Direban motar, wani bunsuru, ya fara ɗumama inji.

Nan ƙanwarsu Saude ta ɓullo daga bayan motar da kwanon kunu. Ita ce ke zaune da Inna tun fara ciwon. Hannu ɗaya ya rage mata da kunne ɗaya da ɗan gefen fuska, a goshinta ɗaya bisa shida.

"Sannunku da hanya, Yaya," ta ce.

"Saude, ina sauranki?"

"Jinya ta cinye. Wannan ma na bari ne saboda damun kunu."

Suka dubi gurbin, suka dube ta. Daidai take, ko rage baki ba sai an yi ba. Haladu ya karɓi bakin ya yi hamdala, ya ce Allah ne ya kawo ta, ta zo ta cike su su samu su je su ga Inna.

"Ni ai can nake, Yaya," in ji Saude. "In na shiga cikinku, wa zai juya ta?"

Ta tafi abinta tana fifita kunun.

Suka roƙi akuyar ta duba niyyarsu. Ta ce ta duba, niyyar ba ta motsa sikelin ba. Aka ba wata kankana kujerar, don ita cikakkiya ce. Tasi'u ya leƙa ta taga ya ce mata don Allah ta gaida Inna, ta ce mata suna nan tafe. Motar ta tashi da baya-baya.

Abin da ya tashe shi mai ruwa ne yana buga jarka a ƙofar gida, matarsa Barira na tambaya ko a sayi jarka biyu. Ya shafa jikinsa, ya ji komai na nan. Ya ɗauki waya zai kira Saude, ya bi sunaye tun daga sama har ƙasa. Ba shi da lambarta. Haladu ne ke da ita.