Kifin Tambara

Tun da aka sari Tungar Albarka a ƙasar Kurfai, ba a taɓa ganin kifi mai rai a garin ba. Busasshe dai ana sayowa a kasuwar Filinge, baƙi ƙirin, a daka a miya don ƙamshi. Shi ya sa ranar da Tambara, shugabar ƙungiyar mata, ta miƙe a taro ta ce bana za ta zuba kifi a tabkin bayan gari, aka yi ta kallon-kallo. Hasiya ce ta fara fashewa da dariya, kuma Hasiyar nan ƙawarta ce tun suna 'yan mata suna zuwa rijiya tare.

"Kifi a Kurfai?" in ji Hasiya. "To ki haɗo mana da jirgin ruwa, mu huta da jakkai."

Mata suka kwashe da dariya. Tambara mace ce mai zuciya, ba ta iya haɗiye magana. Nan take ta rantse da Allah cewa in kifin ya zo, Hasiya ko ƙayarsa ba za ta tauna ba. Wata biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Da kaka ta yi, tabki na cike, Tambara ta tasa ƙanenta Ɗanjimma gaba sai Yamai. Shi direba ne, yana da 'yar bas da yake jigilar Filinge da ita, yana kuma da wani ɗan ɗaki mai ƙafa biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, wanda ya saya hannun wasu masu aikin rijiyoyi da suka tashi. Da ƙofarsa da tagarsa, har da gado. 'Yan tasha sun raɗa masa suna Akurki, shi kuwa Ɗanjimma ji yake da shi kamar amarya. Suka cire gadon, suka ɗaure manyan tano uku, wato gangunan ruwa na roba, a ciki.

A Yamai wani mai kiwon kifi ya zuba musu 'ya'yan karfasa, kowane bai wuce ɗan yatsa ba, ya cika musu bido, wato jarkoki, guda shida da ruwan kogi don canji a hanya. Sannan ya ja wa Tambara kunne.

"Hajiya, kifi iskar cikin ruwa yake shaƙa. Muddin mota na tafiya, ruwa na kaɗawa, lafiya lau. In kun tsaya ruwan ya kwanta, za ki ga sun taso suna buɗe baki. To ki canza ruwa maza, ki zubo shi daga sama, don ruwan da ya faɗo shi ke ɗauko iska."

Tambara ta ƙi zama a gaba. Cikin Akurki ta so shiga, sai da Ɗanjimma ya ce ko an yanka shi ba ya jan ɗaki da yayarsa a ciki. Ta zauna a kujerar baya, wuya a karkace, tana kallon kayanta. Murna kamar ta kashe ta. Tana ta lissafa yadda za ta shiga gari, yadda mata za su yi guɗa, yadda fuskar wata za ta koma.

Ba su yi nisa ba Akurki ya fara rawa. Ya yi dama, ya yi hagu, yana jan gindin motar kamar jelar saniya. Ɗanjimma ya sassauta, ya sauka gefe, gumi na tsiyaya.

"Yaya, nauyin ya yi baya. Ni na jera bidon a ƙarshen ɗaki."

"Kai da ka ce ka san abinka kamar yunwar cikinka?"

Suka kwaso bidon suka mayar cikin mota, suka turo tano gaba, bisa ƙafafun. Daga nan tafiya ta miƙe. A Baleyara suka canza ruwa da bido uku, kifi na ta wasa, Tambara har da sayo wa ƙanenta tsire.

Matsala ta fara ne da suka bar kwalta suka shiga rairayi. 'Yar bas ba ta saba jan kaya haka ba, ta yi ta gurnani har tururi ya turnuƙe gabanta. Ɗanjimma ya dubi bidon da suka rage, ya dubi yayarsa.

"Ruwan kifi ne," in ji ta.

"In injin ya ƙone, a nan kifin zai kwana, Yaya."

Tana ji tana gani motar ta shanye bido biyu, na ukun kuma ashe ya tsage tun a hanya, babu ko ɗigo. Suka ƙara gaba kaɗan, har sun hango bishiyoyin gawon garinsu, sai ƙafafun Akurki suka nutse a wani kwari. Ɗanjimma ya taka totur, motar ta haƙa wa kanta rami ta zauna. Ya ce bari ya je ya nemo shanu, ya arce a guje.

Rana tsaka, ɗakin ya ɗau zafi. Tambara ta buɗe tano ta leƙa. Ga su nan sun taso, ɗaruruwan 'yan bakuna suna buɗewa suna rufewa, biyu ma har sun juya farin ciki sama. Ta tsoma hannu ta kaɗa wannan, kafin ta kai ga na uku na farko ya kwanta. Hannu biyu ba za su iya da tano uku ba. Tsoro ya kama ta sosai, kuma ba tsoron dariyar gari ba ne yanzu. Tausayin 'yan halittun nan ta ji, da ta rabo su da koginsu.

Ta leƙa ta taga. Can bisa tudu mata na shiƙar gero a masussuka, kowace ta ɗaga ƙwarya sama da kai, hatsi na zubowa cikin ta ƙasa. Maganar mai kifi ta faɗo mata. Ta kuma san gonar, ta Hasiya ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗaure zane ta hau tudun da gudu, mace mai jikoki, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi. Mata suka dakata suna kallonta. Ta tsaya gaban Hasiya tana haki.

Hasiya ta dube ta sama da ƙasa. "Sun mutu?"

"Suna mutuwa."

"Mi za a yi?"

"Shiƙa. Irin wadda kuke yi, amma da ruwa."

Hasiya ta kife geron da ke ƙwaryarta a ƙasa, ita da ba ta barin ƙwaya ɗaya ga kaji, ta ce wa mata su biyo ta.

Wanda bai ga wannan aiki ba an bar shi a baya. Mata tara a ɗan akurkin nan da bakin ƙofarsa, uku ga kowane tano, a ɗebo a hankali kar a haɗo da kifi, a ɗaga sama, a sako. Ruwa na kumfa, zannuwa sun jiƙe sharkaf, wata ta ɗauko waƙar daka sauran suka amsa. Hasiya da Tambara a tano ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Sannu a hankali 'yan bakunan suka rinƙa nutsewa. Ko da shanu biyu suka iso suka fizgo motar, matan ba su sauka ba. A haka aka shiga gari, shanu a gaba, bas a tsakiya, Akurki a baya yana waƙa, Ɗanjimma ya manta da dokarsa.

Gari duka ya taru a bakin tabki. An tsame waɗanda suka mutu, ba su cika tafin hannu biyu ba. Aka ja baya ana jiran shugaba ta zuba na farko. Tambara ta ɗebo ƙwarya guda, kifi na walƙiya a ciki, ta miƙa wa Hasiya.

"Rantsuwar fa?" in ji Hasiya.

"Azumi uku ba ya kashe ni."

Hasiya ta shiga ruwa har gwiwa, ta nutsar da ƙwaryar. Kifin suka tsaya cak kamar ba su yarda ba, sannan suka watse cikin tabkin. Ta daɗe tana kallon inda suka bi.

"Ashe haka suke tafiya," ta ce a hankali. "Ni tsoro na ji ki sha kunya, ƙawa, shi ya sa na yi dariya."

Washegari Tambara ta tashi da azumin kaffara. Kwana uku ana kiran magariba sai ga Hasiya a ƙofar gidanta da ƙwaryar fura, tana mitar cewa ita ma ta rasa abin da ya sa take wahala da mai taurin kai.