Matashi Mai Rami

Mijina direban tirela ne. Ya yanke rami a tsakiyar matashin soso don ya iya zama a kujerar mota. Ni ke wanke wandunansa, na san jinin nan ya daɗe yana zuba. Duk sanda na ambaci asibiti, sai ya haɗe rai.

"Ba mai sa mini wuƙa a wurin nan, Maman yara. Basir ne kawai, ciwon direbobi."

Ya sha jiƙe-jiƙen tasha har ya gaji. Sai wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wata na'ura mai ɗan tsinke da ke gasa jijiyar basir ta motse, babu yanka, a ranar ake sallamar mutum. Nan ya yarda. A hanyarmu ta zuwa asibiti har da raha, wai matashin zai yi ritaya.

Likita ya daɗe yana duba shi bayan labule. Da ya fito sai ya cire safar hannu, ya kashe na'urar.

"Basir ɗin ƙarami ne," in ji shi. "Jinin daga sama yake zuwa. Akwai ƙari a hanji, kuma ya girma. Sai tiyata, in ma za ta yiwu."

Mijina ya tambaya ko a gwada tsinken tukuna. Likita ya girgiza kai.

Muka fito, bakina cike da masifar shekaru. Sai na ga yana tsaye gaban benci, ya rasa yadda zai zauna. Na miƙa masa matashin.