Haƙori Mai Lamba 109

Saura kwana huɗu a buɗe sabon zauren gidan tarihi, Mai Ɗori ya tsinci lamba 109 ta biyu.

A ƙasan wata durowa ya gan ta, cikin ƙaramar leda: ɓallin ƙoƙon kunkuru ne da bai kai farcen babban yatsa ba, ya daɗe da zama dutse. Ya kai shi daf da hancinsa, ya ja shi baya, ya sake kusanto da shi. Ɗari da tara. Shi kuwa a saninsa 109 haƙori ne, kuma shi da hannunsa ya dasa shi a muƙamuƙin Kaka wata goma sha ɗaya da suka wuce.

Shekararsa talatin da ɗaya a wannan ɗaki na ƙarƙashin bene. Masu tono su kawo masa ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, a farfashe, cuɗe da ƙasa, shi kuma ya zauna da allura da buroshi da gam ya mayar da kowane ɓalli mazauninsa. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Mai Ɗori. Sukan ce duk cikin masu ɗorin duniya shi kaɗai ne majinyacinsa bai taɓa yin ihu ba, bai kuma taɓa miƙewa ya taka ba.

Kaka kuwa ba kowa ba ce illa rabin muƙamuƙi, baƙi, mai tsawon tafin hannu. Farfesa, shugabar bincike a gidan, ita ce ta tono shi, ta ƙiyasta masa shekara miliyan bakwai, kuma shekara uku ke nan ba ta da wani zance sai nasa. Duk darajar Kaka a haƙori ɗaya take, turmin can baya da ake tauna da shi. Faɗinsa da kaurinsa ba irin na birai ba ne. A kansa Farfesa ta kafa hujjarta cewa wannan halitta ta fi kusa da reshen mutane fiye da reshen birai, a kansa aka gayyato baƙi daga ƙasashe, a kansa aka gina zaure.

Mai Ɗori ya jawo littafin tono, ya ɗora madubin ƙara girma a kan shafi, ya bi layi da yatsa. 109, ɓallin kunkuru, ramin da aka sami muƙamuƙi. Ya buɗe gaba. 601, turmi guda, ya goge ƙwarai, ramin tudu, ana zaton na aladen daji ne. Ya je durowar ramin tudu ya lalubo ledar 601. Babu komai a cikinta.

Ƙa'idar ɗakin ba ta da wuya, shi ma ya koyar da ita ga ɗalibai sun fi ɗari: duk lambar da za ta iya karantuwa a juye, a ja mata layi a ƙasa. Ya ɗauko Kaka daga kan audugarta, ya karkato fitila, ya sa madubi mafi ƙarfi. Ya daɗe yana ƙifta ido kafin hazon ya ɗan janye. Layin yana nan, siriri kamar gashi, a saman lambar yadda ya karanta ta. Ɗalibin da ya rubuta bai yi kuskure ba. Shi ne ya riƙe haƙorin a juye.

Ya zauna. Bara likita ya gaya masa yanar ido ta fara rufe masa idanu biyun, ya ce a yi aiki tun da wuri. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Ya san gidan tarihi: ranar da aka ji mai gyaran ƙashi ba ya gani sosai, ranar za a karɓe masa teburi. Ban da matarsa babu wanda ya sani.

Da la'asar ya koma gida ya same ta a kan keken ɗinki. Ta dubi yadda ya yar da jaka ta tsayar da ƙafa. Ya ba ta labari tun daga kunkuru har zuwa layi, ita kuma ba ta katse shi ba sai da ya kai ƙarshe.

"Wato Malam, haƙorin alade ka sa wa kakarku a baki."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta ci gaba ba. Ya ce a bayan gilashi za a ajiye abin, babu mai taɓawa. Turmin alade in ya goge yakan ruɗi manyan masana ma, ana iya shekara goma ba a gano ba, lokacin shi ya yi ritaya. Ta ce ta ji. Ta ce ita dai shekara guda ke nan tana karanta masa saƙon waya, tana gaya masa lambar motar haya, tana yi wa 'ya'yansu ƙarya cewa babansu gajiya ce ke sa shi zuba shayi a gefen kofi.

"Na gaji da riƙe maka wannan," ta ce. "Kada ka ƙara mini da na alade."

Ta mayar da ƙafa kan keke.

Washegari da safe ya tarar da Farfesa a babban zaure, ƙarƙashin wuyan ƙwarangwal ɗin dainaso, ƙatuwar dabbar zamanin da, tana faɗa da masu rataye allo don sun karkatar da hoton Kaka. Idanunta sun yi ja, muryarta ta dishe. Tun tana ɗaliba shi ya koya mata riƙon buroshi, har yanzu Baba take ce masa. Ya ce yana son ta sauko ƙasa minti biyar. Ta ce ba ta da minti ɗaya. Ya ce a kan turmin ne. Ta bar masu allo a kan tsani ta biyo shi.

Ya jera mata abubuwa uku a kan teburi: kunkuru, ledar da babu komai, da littafi a buɗe. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ja kujerarsa ta zauna. Ta ce ramin tudu ko shekara miliyan biyu bai kai ba. Ta ce tun ranar farko haƙorin ya ɗan yi mata girma, amma ta so ya zama gaskiya, shi ya sa ba ta koma littafi ba. Ta lissafa abin da ke gabanta da murya ƙasa-ƙasa: takardar da za ta janye, Daraktan da za ta fuskanta, baƙin da wasunsu sun riga sun hau jirgi.

Sai ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Mai Ɗori ya gane ta lura da yadda yake neman fuskarta da gefen ido.

"Baba, ɗaliban waccan shekarar ba su da natsuwa," ta ce a hankali. "Ba a ja layi a ƙasan lambar ba, ko? In haka ne, haka zan rubuta."

Ya fahimci ƙofar da ta buɗe masa. Ɗaliban sun kai ashirin, sun watse, ba za a kama sunan kowa ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da teburinsa. Ya dubi allurai a jere bisa tsawonsu, da kwalaben gam, da gurbin da gwiwar hannunsa ta ci a jikin katako.

"An ja, ranki ya daɗe. Ni ne ban gani ba."

Ya ciro takardar likita, duk ta yi laushi don ninki, ya ajiye a kan littafin. Farfesa ta karanta kwanan watan da ke jiki ta rufe ido. Ba ta yi faɗa ba, da alama ƙarfin faɗan ma babu. Ta ce dole ta gaya wa Darakta duka, kuma ya san abin da zai biyo baya: daga yau ba zai sake taɓa ƙashi ba, kuma duk abin da ya haɗa a shekara biyun nan sai an sake dubawa ɗaya bayan ɗaya. In an yi aikin ido ya yi kyau, za ta yi magana, amma ba ta yi masa alkawari ba. Ya ce ya sani. Ya zare makullin ɗakin daga cikin nasa ya tura mata.

Saura cire haƙorin. Gam ɗinsa irin mai narkewa ne, sai dai aikin yana son hannu mai sanyi, ita kuwa rabonta da irin wannan aiki shekara goma sha biyar. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma auduga a ruwan narkar da gam. Mai Ɗori ya jawo benci ya zauna a bayanta, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Ɗigo ɗaya," ya ce. "Ki jira ya sha. Kada ki ja, zai saki da kansa."

Daga sama ana jin bugun guduma, masu allo sun gaji da jira sun ci gaba da kafa hoton. Ta ɗiga na biyu, suka zauna suna jira.