Ɗingishin Aro

Wata goma sha ɗaya na yi ina son Garrett, kuma abin da ya fara sace min zuciya shi ne yadda yake kallon tafiyata. Tun da haɗarin mota ya lalata min ƙafar hagu, mutanen garinmu Toledo kan kawar da kai in na taho, ko su zubo min idon tausayi. Shi kuwa sai ya jingina da jar a-kori-kurarsa ya bi ni da ido har in iso, yana murmushi. Littattafan soyayyar da na karanta sun fi ɗari, amma ko ɗaya bai ce min in yi hattara da irin wannan kallon ba.

Ina da shuɗin katin nan mai zanen keken guragu, wanda ake ratayawa a madubin cikin mota in an yi fakin a wurin masu naƙasa. Nawa ne, ba na mota ba, lambarsa tana haɗe da sunana. Da an tayar da mota nakan cire shi, don kada ya riƙa lilo yana tare wa direba gani.

"Madam Doka!" Garrett kan ce. "Ke fa ko a mafarki sai kin ba da sigina."

Ranar Laraba katin ya ɓata. Na zazzage jaka, na leƙa ƙarƙashin kujeru, har na yi kuka. Garrett ya sumbaci goshina ya ce ƙila a asibiti na yar.

Ranar Asabar da hantsi Anti Bernice, ƙanwar mahaifiyata, ta kai ni babban kanti karɓar magani. Babu kati, ga cunkoso, dole muka ajiye mota can ƙarshen fili. Ƙanƙara ta daskare kamar gilashi. Ina dogara sanda, kwankwasona yana ci da wuta, Anti tana riƙe da gwiwar hannuna tana tsine wa watan Fabrairu.

"Shi wannan dogon naki yana ina, da bai kawo ki ba?"

"Yana aiki, Anti."

"Aiki. Uhm."

Mun ci rabin hanya sai ga jar a-kori-kura ta sheƙo da gudu, ta kusa kwashe wani dattijo mai tura keken kaya, ta faɗa wurin fakin mai shuɗin fenti a bakin ƙofa. Katina yana ta lilo a madubi.

Ban ji haushi ba tukuna. Zuciyata har ta fara nema masa uzuri: ƙila ya tsince shi ne, yana ɗokin kawo min.

Sai ya fito.

Ya dafa ƙofa da hannun dama. Ya jawo ƙafar hagu, yatsun suna shara ƙasa. Kafaɗarsa ta rusuna. A taku na uku ya tsaya ya ja numfashi ta haƙora, daidai inda nake tsayawa, don a nan ne ciwon yake cizona. Ba ɗingishin kowa ba ne. Nawa ne, sak, har da yadda nake karkatar da kai in ɓoye fuska.

"Ikon Allah," Anti ta ce a hankali. "Yarinya, ashe makaranta ya buɗe a kanki."

Wata 'yar sanda da ke zaune a motarta ta riga ta ga shigowarsa. Ta tare shi kafin ya kai ƙofa.

"Malam, ka kusa taka mutum, ga kati yana rawa a gaban idonka. Ina takardar da ke nuna naka ne?"

Ya fara lalube aljihu. Can ya ɗaga kai ya hango ni, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa bushara.

"Yauwa, ga mai katin nan! Ita na zo ɗauka, ranki ya daɗe. Corinne, zo mana, masoyiya, gaya mata."

Ya taho wajena da sauri, ƙafafunsa biyu garau. Ya ma manta da ɗingishin.

'Yar sandar ta dubi sandata, ta dubi takardar katin da na miƙa mata, ta sassauta murya. "In ke ya zo ɗauka, ba shi da laifin katin. In kuwa ba haka ba, sai na karɓe shi, ki nemi wani. Zai ɗauki makonni."

Makonni! Kullum daga ƙarshen fili, a kan wannan ƙanƙara, har asibiti sau biyu a mako. Kalma ɗaya tak za ta dawo min da katin, ta bar min Garrett.

"Haba, Madam Doka," ya raɗa min. "Minti biyar ne fa. Batir kawai na zo saya."

"Taku na ukun nan," na ce. "Yaushe ka koya?"

"Wane taku?"

"A gaban madubi ka riƙa gwadawa, ko a kan hanyar zuwa gidanmu?"



Na juya ga 'yar sandar. "Bai san ina nan ba. Ya ce min katin ya ɓata."

Ta sa hannu ta taga ta zare shi, ta fara rubutu. Garrett yana kiran sunana, yana cewa na cika ɗaukar abu da zafi, ai wasa ne.

"Tsaya nan in kawo mota," Anti ta ce.

"A'a, Anti. Magani muka zo karɓa."

Na wuce ta gabansa zuwa ƙofar kantin. Hawaye sun daskare min a kumatu kafin in kai.