Totur a Hannun Hagu

Auta ake ce masa har yau, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa, 'yarsa ta fari kuma tana jami'a. Kafinta ne. Kujeru da ƙofofi ne abincinsa, amma abin da ya cinye masa zuciya tun bara shi ne ƙaramin jirgin sama da ya ƙera a ƙuryar shagonsa, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Kada ma wani ya kuskura ya ce masa abin wasan yara ne, yanzun nan a ji kansu. Fukafukan jirgin sun kai faɗin hannuwan mutum in ya buɗe su, kuma don alkafura da mirgina a sama aka yi shi. Da katako marar nauyi ya haɗa shi, ya bi kowane haƙarƙari da samfefa har yatsunsa suka yi kanta, ya lulluɓe shi da leda ja da fari. Matarsa ta ce ko lokacin da yake neman aurenta bai yi wa kansa kwalliya haka ba.

Jirgin ba shi da matsala. Yayan Auta ne matsalar.

A tsohon filin ƙwallon da ke bayan masana'antar da aka rufe, inda masu ƙananan jirage ke haɗuwa ranar hutu, akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya san mai kafa ta. Sabon jirgi, hannun da ya fi kowa ƙwarewa ne ke fara ɗaga shi, ya saita shi, ya sauke, sannan ya miƙa wa mai shi. Hannun nan kuwa na Yaya ne. Jiragen da Auta ya yi a baya, yana tsaye kamar ɗan kallo aka yi tashinsu na farko, aka tafa wa Yaya. Ba a filin abin ya fara ba. Da yana koyon keke, Yaya bai taɓa sakin sirdi ba. Da ya buɗe shago, Yaya ne ya zaɓi inda benci zai zauna. Mutum ne mai son ƙanensa, wannan ba shakka, amma irin son nan ne da ke hana ka numfashi.

Da safiyar nan Auta ya durƙusa a ciyawa ya ɗaure fukafukai, ya sa batir, ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu don ya ga ko hanci ya rinjayi jela. Bai gama ba inuwar Yaya ta rufe shi. Yana rataye da nasa rimot a wuya, tsoho, wanda fentinsa ya goge.

"Cire shi daga rimot ɗinka in haɗa da nawa," in ji Yaya. "Iska za ta taso."

Dole sai da nasa rimot ɗin, don Yaya ɗan zamanin da ne. Rimot sanduna biyu gare shi, na babban yatsan hagu da na dama. Kowa a filin totur ɗinsa, wato sandar ƙara wuta, na hagu, ɗaga hanci da sauke shi na dama. Yaya shi kaɗai nasa akasin haka ne, kuma ya sha faɗa cewa duk duniya ce ta karkace, ba shi ba.

"Yau ni zan tashe shi, Yaya."

Yaya ya yi dariya, ya waiga wajen sauran mutane don su taya shi. "Kun ji Auta? Kai, tashi ka ba ni wuri."

"Na ce ni zan tashe shi. Ni na yi abina."

"Kai ka yi, wa ya ce ba kai ba? Yi daban, tuƙi daban. Wannan ba irin tsofaffin nan naka ba ne masu tafiya kamar agwagwa. Ƙiftawa ɗaya ya juye maka."

"In ya juye, nawa ne ya juye."

Wani mai gyaran waya da ke kusa ya sunkuyar da kai ya kama ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Yaya ya sha mur, ya harɗe hannuwa, ya ce, "To, bismilla. Mu ga gwani." Maimakon ya koma gefe, sai ya zo ya tsaya daf da kafaɗar Auta, har yana jin numfashinsa a kunne.

Auta ya tura totur. Farfela ta yi ƙara, jirgin ya zabura a kan ciyawa, ya ɗaga. Nan take ya fara ja hagu, hancinsa na neman sama kamar ɗan akuya mai taurin kai. Auta ya danne shi da yatsa.

"Yana ja hagu," in ji Yaya.

"Na gani."

"Hanci ya yi sama. Rage wuta. Rage mana!"

"Yaya, don Allah ka yi shiru."

Ya kai jirgin sama sosai, inda ko ya yi kuskure akwai sarari. A gefen kowace sanda akwai ƙananan maɓallan saiti. Ya riƙa danna ɗaya daga na dama kaɗan-kaɗan, yana sakin sanda ya ga abin da jirgin zai yi, har fukafukan suka kwanta daidai. Ya sauke hanci da maɓallin da ke kusa da shi. Ya saki sandunan duka, jirgin ya miƙe sambal, ba hagu ba dama. Wani daga baya ya ce, "Kai, ya zauna!" Daɗi ya kama Auta. Ya mirgina shi sau ɗaya, ja da fari suka wulga a rana. Ya sake mirginawa ta ɗaya gefen.

"Ya isa haka. Sauke shi."

Da Yaya bai ce komai ba, da Auta ya sauke. Amma kalmar ta sauka masa a ƙirji kamar mari. Ya ƙara wuta, ya ja hanci, jirgin ya hau ya kifa ta baya don ya yi cikakkiyar alkafura. Ya fara alkafurar a ƙasa-ƙasa fiye da yadda ya kamata, shi ma ya sani. Jirgin ya juyo yana gangarowa da gudu, katangar masana'anta na bayansa, ƙasa na matsowa. Auta ya fara jan sandar dama, hancin ya fara ɗagowa.

Sai ya ji an fizge rimot daga hannunsa.

Yaya ne. Yatsunsa suka yi abin da suka saba yi tun kafin a haifi rabin mutanen filin. Ya ja sandar hagu don ya ɗaga hanci, sai ya kashe wuta. Ya tura ta dama don ya ƙara wuta, sai ya kifa hancin ƙasa. Ƙarar farfela ta ɗauke, jirgin ya soki ƙasa a tsaye, aka ji ƙas, kamar an taka akwatin ashana babba.

Auta bai yi ihu ba. Ya taka zuwa wajen, kunnuwansa na zafi, yana jin in ya buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba zai gyaru ba. Hancin ya nutse a ƙasa, fiffike ɗaya ya rabu biyu, haƙarƙarin da ya goge da hannunsa sun watse a ciyawa. Ya durƙusa ya fara tsincewa.

Yaya ya iso yana haki. "Wane irin saiti ne wannan? Komai a baibai! Ina ja yana..." Ya dubi rimot ɗin da ke hannunsa, ya dubi nasa da ke lilo a ƙirjinsa. Fuskarsa ta sauya. Can ya ce a hankali, "Ai dama faɗuwa zai yi, Auta. Ka yi ƙasa da yawa."

"Wataƙila."

"Wallahi ceto na zo yi."

Auta ya miƙe da guntun fiffike a hannu. Bai damu da waɗanda suka kewaye su ba.

"Wataƙila zai faɗi, wataƙila zan fitar da shi. Hancin ya fara ɗagowa, na ji shi a yatsana. Yanzu wa zai gaya mini? Kai? Jirgi zan iya yin wani, katako bai ƙare ba. Amma wannan ɗin, ko zan iya ko ba zan iya ba, ka tafi da shi, har in mutu ba zan sani ba. Kullum haka kake yi mini, Yaya. Kullum!"

Yaya ya sunkuya zai ɗauki jelar jirgin, wadda ita kaɗai ta tsira.

"Bari in kai maka mota."

"Ajiye."

"Auta..."

"Na ce ka ajiye!"

Yaya ya ajiye. Ya tsaya da hannuwansa a sake, bai san inda zai sa su ba, yana kallon ƙanensa na tsince katako ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gaban rigarsa.