Gudumar Sanholo

"Buhun nan yana warin gidan mutane," in ji Barira. "Abu Hazim, kada ka sa shi a wuta. Zai jawo mana abin da ba mu nema ba."

Tana tsaye a bakin warsha, wato rumfar kwanon da mijinta yake zubin tukwane a bayan gidansu na Omdurman, ta rufe hanci da gefen mayafi. Mijin nata, Ɗahiru, bai ɗago kai ba. Shi ma ya ji warin tun kafin ta zo. Tarkacen sanholon da aka tsinto a bola warin ƙasa yake yi da baƙin mai. Wannan kuwa albasa ce, da tsohon man girki, da ɗan ƙamshin turaren wuta da ya ƙi barin jikin ƙarfen.

"Tarkace ne kamar kowane tarkace," ya ce.

"To, Allah ya sa," in ji ta, ta koma ciki.

Zubi gado ne a wurin Ɗahiru. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, tafiya ta tsaya masa a bakin Nilu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Daga ubansa Ɗahiru ya koyi narka sanholo da tsara yashi. Da yaƙi ya zo, murhunsa ya mutu. Da harbi ya yi nisa da gari, kasuwa ta cika da kayan da babu wanda ya kai su bola: ƙarfen taga, fukafukan fanka, faranti, butoci, duk a lanƙwashe a farfashe don kada a gane su. Akwai kalmar da kowa ya sani, shafshafa, wato wawashe gidan da masu shi suka gudu suka bari. Ɗahiru ya tsani kalmar nan. In ya ji ta sai ya ji kamar ana sharar tsakar gida da tsakar rana alhali masu gidan ba sa nan. Amma tukunya ba ta fita sai da sanholo, shi kuma ya koyi kau da kai in ana juye buhu.

Aikin gudumar, ɗansa Hazim ne ya kawo shi. Saurayi ne dogo da yaƙi ya raba da jami'a, yanzu shi ke samo wa warsha tarkace da masu ciniki. Ya miƙo wa uban waya da hoton wani ƙato na cikin littattafan zane, gashi har kafaɗa, riƙe da guduma mai kai kamar bulo da 'yar gajeriyar ƙota.

"Irinta Mahadi yake so, Baba. Ɗan mai shagon tayoyi, wanda ya dawo daga Alƙahira."

"Me ake bugu da ita?"

"Ba a bugu da ita. Riƙewa ake yi, a ɗauki hoto."

"Guduma ce ba a bugu da ita?"

"Ta jarumi ce, Baba. Wai ba mai iya ɗaga ta daga ƙasa sai mai tsarkin zuciya."

Ɗahiru ya tofar da yawu gefe. Gari ya cika da matan da ke neman tukunyar tuƙa tuwon asida, shi kuma za a sa shi zuba wa gardi abin wasa. Amma ya daɗe bai ga idon yaron nan yana haske haka ba. Ya ce wa Hazim ya je ya sassaƙo samfurin da katako.

* * *

Abin da ya hana Ɗahiru sukuni ba gudumar ba ce. Yayarsa ce, Zuhura, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Gidan aurenta yana Soba, can tsallaken kogi. A farkon yaƙi suna magana a waya, daga baya lambar ta daina shiga. Wasu sun ce sun gan ta a motar da ta nufi Jazira, wasu sun ce ba ita ba ce.

Da aka buɗe gada, ƙafar Ɗahiru ta kumbura da ciwon suga, sai ya aiki Hazim ya dubo gidan gwaggonsa. Yaron ya dawo da yamma, fuska duk ƙura.

"Ba kowa, Baba. Ba komai. Ko ƙyauren banɗaki babu."

Ranar yaron bai ci abinci ba. Bayan wannan tafiya ne buhuna suka fara zuwa a raksha, wato babur mai ƙafa uku, kuma Hazim da kansa yake farfasa kayan a waje kafin ya shigo da su. Ɗahiru ya lura da haka. Ya gaya wa kansa cewa yaron yana rage masa aiki ne saboda ƙafarsa.

Samfurin katakon ya yi kyau, har uban ya jinjina a ransa. Inda suka saɓa shi ne wajen ado. A hoton akwai wasu zane-zane kamar rubutu a jikin kan gudumar, Hazim yana so a kwafe su.

"Me suke cewa?" in ji Ɗahiru.

"Ba wanda ya sani. Rubutun mutanen dā ne."

"Ni ba na rubuta abin da ban san ma'anarsa ba. In tsafi ne fa? Nemi wani adon."

* * *

Ranar zubi suka fara da hantsi. Ɗahiru yana bakin murhu yana juya hannun zugazugi, sanholo yana narkewa a kasko, dattin yana tasowa sama yana kwashewa da ludayin ƙarfe. Warin nan na girki ya tashi tare da hayaƙi har ya tsaya masa a maƙogwaro. Hazim yana durƙushe a gaban akwatin yashi, ya zare samfurin, ya bar gurbin kan guduma a ciki, santsi kamar an lashe.

"Baba, na samu adon," ya ce. "Ga wani ɓallen murfi da wasu ƙugiyoyi a jiki, sak na hoton. Ba rubutu ba ne, ba ya karantuwa. Danna shi kawai zan yi."

Ɗahiru ya saki zugazugi ya ɗingiso. Ya tarar yaron ya kifa wani baƙin ɓalle a gindin gurbin, ya danna da tafin hannu, yana ɗagowa a hankali.

A cikin yashin, da haruffan Larabci manya, ga suna nan ɓaro-ɓaro: Zuhura.

Ɗahiru ya zauna a ƙasa. Ya san rubutun nan, domin hannunsa ne. Yana saurayi, ana shirin bikin yayarsa, ya roƙi ubansu ya bar shi ya zuba mata babbar tukunya shi kaɗai. Ya ɗauki ƙusa ya rubuta sunanta a yashin murfin kamar yadda ake rubutu a allo. Bai san cewa abin da aka rubuta daidai a yashi a juye yake fitowa a ƙarfe ba. Da aka fasa akwati, ubansu ya yi dariya har hawaye, ya ce a maida murfin wuta. Zuhura ta rungume murfin da ɗuminsa, ta ce ba mai taɓa mata. Ta ce wanda ke son sanin mai tukunyar ya zo da madubi. A cikinta ta yi girkin sunan Hazim, a cikinta take dafa naman layya kowace shekara. Yau ga shi juyayyen rubutun ya koma yashi ya miƙe.

Sai a lokacin ya tuna ya dubi fuskar ɗansa, amma ya makara. Hazim ya riga ya sunkuyar da kai.

"Daga ina?"

"A kasuwa na saya, Baba. Buhu guda, ban duba ba."

"Wurin wa?"

"Wani zol ne, wani mutum da ke tsayawa bayan masu gawayi. Ban san sunansa ba."

"Ka ce gidan babu komai."

"Wallahi babu komai! Zuhura nawa ne a Khartoum? Sai gwaggo?"

"Zuhura suna da yawa. Wawan da ya rubuta sunan a juye guda ɗaya ne, ga shi zaune a gabanka. Ina sauran tukunyar?"

Idon Hazim ne ya tafi kan kaskon da ke bisa wuta, inda ruwan sanholo yake ƙyalli fari tas. Ɗahiru ya bi idon da kallo. Da hannunsa ya zuba ɓaraguzan, ɗaya bayan ɗaya, yana kau da kai. Ya rarrafa bakin rumfa ya amayar da shayin safe.

Ana cikin haka Mahadi ya iso, da farar jallabiya da baƙin tabarau, waya a hannu zai ɗauki yadda ake zubin. Ya ga dattijo a ƙasa, ya tambayi Hazim da Larabci, Hazim ya ba shi amsa a gajarce. Mahadi ya leƙa yashin ya yi murmushi.

"Ya Hajj, kada ka sa wa kanka damuwa. Mu ma da muka dawo ko cokali ba mu tarar ba. Firjin da ke gidanmu yanzu, da hotunan 'ya'yan wasu a manne muka saye shi. Kayan kowa yana gidan kowa. Haka garin ya zama."

"Kun cire hotunan?" in ji Ɗahiru.

"Mun kankare mana. To me za mu yi da su?" Ya sake duban sunan. "Wannan ma ka bar shi, a juye zai fito, ba wanda zai gane. Ya fi ma kyau."

Ɗahiru ya dube shi, ya dubi ɗansa da ke tsaye kusa da shi. Ya ji ƙyamarsu su biyun, ya ji ƙyamar rumfar da buhunan da ke jingine a bango, har da tafin hannunsa.

Sai dai narkakken sanholo ba ya jira. Ko a zuba shi a gurbi, ko a watsar a ƙasa inda ake takawa. Ɗahiru ya miƙe da kyar, ya ce wa Hazim ya rufe akwatin. Ya kama kaskon da awartaki, ya yi bisimilla kamar yadda ya saba, ya tsiyaye tukunyar yayarsa a cikin gurbin guduma. Da ya gama ya juyo ga Mahadi.

"Ba ta sayarwa ba ce. Fita mini daga warsha."

Mahadi ya yi ta magana a kan alkawari da mutunci, ya kira Hazim maƙaryaci, ya tafi yana karkaɗe jallabiyarsa.

* * *

Gudumar ta fito ba tabo ko ɗaya. Ɗahiru bai goge ta ba, bai sa mata ƙota ba. Ya ajiye ta a ɗaki bayan ƙyaure, gefen sunan yana kallon bango. Murhun ya sake mutuwa, buhunan da suka rage suna nan a ɗaure, ba ya iya narka su, bai kuma san ƙofar da zai mayar da su ba.

Barira ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai daina zuba wa uban da ɗan abinci a kwano ɗaya, domin ta ga in Hazim ya sa hannu, Ɗahiru janye nasa yake yi.

Wata safiya tana shara, ta kira yaron ya matsar mata da gudumar. Ɗahiru yana zaune a kan tabarma yana shafa wa ƙafarsa magani. Ya ga Hazim ya sunkuya, ya zura yatsu biyu a ramin ƙotar, ya ɗaga ta sama ba ko nishi, ya tsaya riƙe da ita har uwar ta share wurin, sannan ya mayar.

Har yau Ɗahiru bai sani ba ko a kasuwa ɗansa ya sayi buhun nan, ko a tsakar gidan gwaggonsa ya cika shi. Inda Zuhura take ma, ko tana raye, babu wanda ya zo da labari.