Gurbin Masu Tulu

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Isaiah, hannunsa na hagu bai ƙara ɗaguwa ba. Ganinsa ya ragu, waƙoƙin da ya tsara da kansa ma sai ya duba takarda. Duk da haka ya kafe shi zai ja mawaƙan cocinsu na Ikara ranar godiyar kaka. Dattawa suka ce to, a gani a wurin gwaji. In abin ya gagara, mataimakinsa Gilbert ya karɓa.

Gilbert ya riga ya shigar da waƙar da za a rera cikin manhajar rubuta kiɗa. Aikin Selina, autar Baba, shi ne ta fito da ita da manyan alamomi a shafi biyu, dama da hagu, don hannun da zai juya takarda shi ne mai ba mawaƙa umarni. Ita kuwa da kunne take waƙa, ba ta san karatun alamomin ba.

Ta wuni a shagon kwamfuta na ƙawarta Zulaihatu. In ta ƙara girma, layin ƙarshe ya tsallaka shafi na uku. In ta matse layuka, kalmomi su hau kan juna. Ta cinye gefen takarda, ta ƙanƙanta sunan waƙar, duk a banza.

"Ke Auta, buhun barkono kike son cusawa a aljihu," in ji Zulaihatu. "Ki tsaya kusa da shi ki riƙa juya masa mana."

"Ya ce ranar da aka yi masa ɗan jagora a gaban jama'a, ranar ya bari."

"Tsoho da taurin kai, sai ka ce namu na gida."

Can Selina ta lura da wasu ƙananan ɗakuna a kan layukan, bayan kowane amshi. Babu ɗigo a cikinsu, babu kalma a ƙasa, sai ɗan baƙin kara a rataye. Fili ne kawai a zaune, ga ta tana neman inda za ta sa allura. Ta goge su duka. Nan take waƙar ta zauna daram a shafi biyu.

Ranar Asabar da la'asar aka taru wurin gwaji, dattawa a bencin baya, matan zumunta a gefe da tulunansu na kiɗa. Baiti na farko ya tafi lafiya. Da aka kai ƙarshen amshi, inda aka saba muryoyi su yi shiru tulu ya yi magana shi kaɗai, sai Baba ya ɗaga hannu a shiga baiti na biyu. Wasu suka shiga, wasu suka jira, masu tulu suka saki kiɗan. Aka koma farko, haka. Aka sake komawa, haka. Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Baba ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya matsa ya ba Gilbert wuri, ya nemi kujera.

A lokacin ne Selina ta gane abin da ta goge. Ɗakunan nan gurbin masu tulu ne.

Sai a hanyar gida ta faɗa masa, tana kuka. Ta ce za ta je gidan dattawan ɗaya bayan ɗaya ta yi bayani.

"Kada ki wahalar da ƙafarki, Auta," in ji shi. "Waƙar nan ni na haife ta. Da a ce kaina na nan, ko takarda ta yi ƙarya ai da na gane. Sau nawa na bi ta, ban ji komai ya ɓace ba."

"Baba, zan gyara. Zan mayar da su."

"Mayar, Gilbert zai buƙata."

Suka bi gefen gonar dawa, yana jan ƙafa. Da suka isa ƙofar gida ya ce ta tattara sauran waƙoƙin da ke ƙarƙashin gadonsa, ta kai wa Gilbert kafin duhu.